Jinin da Aka Sa wa Ƙanƙara

Sau uku ana ɗibar jinin wata tela, sau uku takarda na dawowa wai lafiyarta ƙalau. Ita kuwa ƙafafunta sun cika da jajayen ɗigo, yatsunta sun ƙi riƙe allura, da ta taɓa ruwan sanyi sai su yi shuɗi. Wata biyu ke nan keken ɗinkinta na lulluɓe da zane.

"Takarda ba ta ƙarya," in ji mijinta, direban motar kifi. "Raki ne kawai."

Wannan magana ta fi ciwon ƙona mata rai.

A zuwa na huɗu suka tarar da wata likita mai furfura. Ta duba fayil, ta ja tsaki.

"Shekara nawa kina fama da ciwon hanta?"

"Goma sha ɗaya."

"To, shekara goma sha ɗaya sojojin jikinki na yaƙi da ƙwayar cutar nan ba hutu, har sun gigice. Makaman da suke ƙerawa yanzu jijiyoyinki suke sara, gobe sai ƙoda. Kuma da jini ya huce, makaman daskarewa suke yi su kwanta a gindin kwalba, gwaji ba ya ganinsu. Wa ke kai jinin ɗakin gwaji?"

Direba ya gyara zama. "Ni, da hannuna. A kula nake sawa, in danna ƙanƙara kada ya lalace."

"Duk sau ukun?"

"Ranki ya daɗe, shekara ashirin ina jigila, ko kifi ɗaya bai taɓa ruɓe mini ba."

Garin neman gira, ga ido na shirin tafiya. Telar ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe ni kifi ce, Maigida."

Likita ta ɗebi jini, ta ɗaga hannun direban, ta cusa kwalbar a hammatarsa. "Matse, kada ya huce. Gini na uku, kuma ban da tsayawa gaisuwa."

Ta taga telar ta hango shi yana ratsa fili a karkace. Wani ya miƙo masa hannu, ya wuce abinsa.

Bayan mako guda sakamako ya fito: cutar na nan, har ta fara taɓa ƙoda. Direba ya daɗe riƙe da takardar, yana juya ta.

"Anya kuwa...?" ya fara.

"Takarda ba ta ƙarya," in ji ta.