Gilashin Saman Bango

Tchima ce ta gano ɗakin, kuma ita ce ta rantse a kansa, saboda haka duk abin da ya biyo baya ba ta da wanda za ta ɗora wa. A shekarar 2004 ne, lokacin tana kitso a wani shago a East Greensboro, a Amurka. Wata mai zuwa kitso wurinta, Angelina, wadda ke aiki a wani gidan motsa jiki, ta ji tana ba da labarin yadda ta buga ƙwallon raga a lise, wato makarantar sakandare, a Damagaram, sai ta ce ai su ma suna da irinsa, sai dai nasu a cikin ɗaki ake yi, sunansa walibol. Tchima ta je ta gani da idonta. Farin ɗaki ne mai tsawo, bangaye huɗu masu tsayi, daɓen katako, an ɗaura raga daga wannan bango zuwa wancan. Ƙofarsa ƙarama ce, in an rufe ta sai ta saje da bango. Ana buga ƙwallo kamar yadda ta sani, illa dai a nan bangon gefe ma abokin wasa ne: in ka doka ƙwallo ya bugi bango ya tsallake raga, ya shiga ke nan.

Ita Tchima ba dokokin wasan ne suka ɗauki hankalinta ba. Abin da ta gani shi ne ɗakin da mace za ta shiga ta ja ƙofa, ta tuɓe hijabi, ta yi tsalle iya son ranta. Kuma tana tsaye a wurin Hindou ta faɗo mata a rai.

Hindou ƙawarta ce, 'yar Maraɗi. Tana zaune a McLeansville a wani gida da gonaki suka kewaye, inda sai ka wuni ba ka ji muryar maƙwabci ba. Ba ta iya tuƙi ba, mijinta Ousseini kuwa direban tirela ne, kwana biyar yake yi a hanya. Shekara guda kafin nan ta haifi ɗa bai zo da rai ba. Tun daga nan ta daina fita, ta daina ɗaukar waya, ta rame har zobenta na faɗuwa daga yatsa. Ousseini da kansa ya roƙi Tchima ta yi wani abu, don shi dabara ta ƙare masa. Tchima ta kai mata kilishi, ta kai mata kaset ɗin wa'azi, ta kai mata tsegumin shago, duk Hindou ta karɓa da godiya ta ajiye.

Maganar ƙwallo ce kaɗai ta sa ta ɗago kai. Amma Hindou mace ce da tun tana shekara goma sha biyu babu namijin da ba muharraminta ba da ya taɓa ganin gashinta, kuma ba wani ne ya ɗora mata wannan ba, ita ta ɗaukar wa kanta. Ta yi ta tambaya a kan ƙofa, a kan masu shara, a kan kyamara. Daga ƙarshe ta dubi Tchima ido cikin ido.

"Ki rantse mini babu mai ganinmu."

"Wallahi ko taga babu," in ji Tchima. Ta faɗa da zuciya ɗaya, domin haka ta ɗauka.

Aka tsai da Laraba ƙarfe goma na safe, bayan yara sun tafi makaranta. Tchima ta tattaro mata, suka zama su takwas da ita da Hindou, har da Hajiya Rakiya, wata Bakanuwa mai jiki da ta ce likita ne ya tilasta mata, amma ta fi kowa ihu in an ci. Duk Laraba Tchima kan biya McLeansville ta ɗauko Hindou, su shiga ɗaki na huɗu, a rufe ƙofa, a jibge hijabai a kusurwa, a zauna daga riga sai wando.

Abin dariyar shi ne Tchima, gwanar lise, ita ta fi kowa shan kashi. In ta ga ƙwallo ya nufi gefe sai ta tsaya ta ɗaga hannu wai ya fita, shi kuwa ya bugi bango ya dawo ya faɗi a ƙafarta. Hindou da ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba, ba ta da tsohuwar al'adar da za ta yar, sai ta kama bangon nan da wuri. Gajeriya ce, ba ta kai raga, saboda haka ta koyi aika ƙwallo a karkace, ya goga bango ya sauka inda babu kowa. A mako na uku ta ci Hajiya Rakiya sau huɗu a jere, Hajiya ta zauna daɓas a ƙasa tana cewa an yi mata asiri, Hindou ta tuntsire da dariya har ta dafa bango. Tchima ta juya baya ta share ido, don rabonta da jin wannan dariyar shekara guda.

Haka aka yi wata biyu. Hindou ta fara cin abinci, ta fara kiran waya da kanta, har ta ce a koya mata mota.

Wata Laraba aka tashi wasa Angelina ba ta nan, sai saurayin da ke teburin karɓar baƙi ya ce wa Tchima ta kai ragar sito a sama. Ba ta taɓa hawa benen ba. Ta hau da raga a kafaɗa, ta shiga wani dogon lungu mai ƙarancin haske, an jera kekunan motsa jiki guda shida duk suna fuskantar gefe ɗaya. Ta duba inda suke fuskanta. Gilashi ne dogo, ta cikinsa kuwa ga ɗaki na huɗu a ƙasa, haske tar kamar talabijin. Ga Hajiya Rakiya tana goge wuya da tawul. Ga Hindou zaune a ƙasa, kai a buɗe, tana ɗaure kitsonta da ya warware.

Ashe gilashin nan shi ne baƙin zanen da Tchima ta sani. Daga ƙasa, can ƙololuwar bangon baya, akwai wata baƙar shimfiɗa mai ƙyalli da ta ɗauka ado ne ko wani abu na na'urar sanyi. Fitilun ɗakin sun fi na lungun ƙarfi, shi ya sa daga ƙasa ba a ganin komai.

Wani tsohon Bature da ke kan keke, da tawul a wuya, ya yi mata murmushi. Ya ce su uku ne, duk Laraba suna nan, kuma gajeriyar nan ta fi kowa iya wasa, ya kamata a gaya mata. Babu mugunta ko kaɗan a fuskarsa, yabo yake yi tsakaninsa da Allah. Wannan ya ƙara ƙona ran Tchima, don ba ta sami wanda za ta zaga ba. Ta ajiye ragar ta sauko.

Washegari ta sami Angelina. Angelina ta yi mamaki, ta ce ai ta ɗauka Tchima ta sani, duk ɗakunan haka suke, kuma mene ne a ciki, tsofaffi ne kawai. Da ta ga fuskar Tchima sai ta kai ta wurin manaja. Tchima ta roƙa a bar ta ta rataya labule na awa ɗaya, ita za ta sayo, ita za ta cire. Manajan ya saurare ta da ladabi ya ce ba zai yiwu ba, dole a riƙa hango cikin ɗakin ko da wani zai faɗi. Ta tambayi wani lokacin da babu kowa a sama, ya ce ba zai iya yin alkawari ba.

Abin da ya kamata ta yi a fili yake, Tchima kuma ba yarinya ba ce, ta sani. Sau biyu tana ɗaukar waya ta ajiye. In ta faɗa, Hindou za ta koma cikin gidan nan na bayan gonaki ta rufe, wannan karon kuma da ƙarin wani ciwon a kan na da. Ta ce wa kanta ai abin da mutum bai sani ba Allah ba ya kama shi da shi, laifin nata ne ita da ta rantse, za ta ɗauka. Ta ce za ta nemi wani wurin tukuna, in ta samu sai ta faɗa. Dabarar ta yi mata daɗi a cikin mota, amma da ta tsaya a kan sallaya ba ta yi ba.

Laraba ta zo. Aka rufe ƙofa, mata suka fara jefa hijabai a kusurwa. Tchima ta kai hannu haɓarta za ta cire nata, hannun ya ƙi. Ta san akwai idanu shida a bayan baƙin zanen can. Ta cusa gefen hijabin cikin riga ta ce kunnenta ke ciwo, sanyin ɗakin na shiga. Hajiya Rakiya ta ce to ustaziya, Allah ya ƙara imani, aka yi dariya aka fara wasa. Hindou kuwa bayan an tashi ta ce ta ɗiga man zaitun mai ɗumi a kunnen, haka uwarta ke yi musu.

Mako uku kunnen nan yana ciwo. Tchima ta bi gidajen wasa biyu a cikin gari, ɗaya bangon bayansa gaba ɗaya gilashi ne, ɗayan ba su ma san walibol ba. A fili kuma ta zama abin tausayi, ƙwallo ya wuce ta gaban hancinta ba ta gani ba, don rabin hankalinta na sama. Duk tsallen da Hindou ta yi rigarta ta ɗaga, sai Tchima ta ji kamar ita aka tuɓe.

A Laraba ta huɗu ana tsakiyar wasa Hindou ta ce za ta kewaya. Ta sa hijabinta ta fita. Ashe ana gyaran banɗakin ƙasa, an liƙa takarda a ƙofar ana nuna sama. Minti biyar, minti goma, ba ta dawo ba. Tchima na riƙe da ƙwallo za ta buga, sai ta ɗaga kai, abin da ta hana kanta yi a gaban mutane tun ranar nan. A jikin baƙin gilashin akwai tafin hannu biyu a manne, da inuwar fuska a tsakaninsu. Ƙwallon ya suɓuce daga hannunta.

Hindou ta dawo ta rufe ƙofa a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce kowa ta rufe kanta, akwai maza a sama suna kallo. Wuri ya rikice. Mata suka yi kan kusurwa, wata ta ɗauki hijabin wata, Hajiya Rakiya na salati tana neman wanda za ta kai ƙara. Sai da suka gama rufewa suka lura akwai mutum ɗaya da ba ta motsa daga inda take ba, domin ba ta da abin da za ta rufe. Tchima ce. Ɗaya bayan ɗaya suka fice.

Hindou ba ta da wata motar, dole Tchima ce za ta mai da ita. Suka fita daga gari, gidaje suka fara nisa da juna. Tchima ta yi ta shirya magana a ranta: ba ta sani ba lokacin da ta rantse, ta je wurin manaja, ta nemi wani wuri, saboda Hindou ne ta ɓoye maganar. Duk gaskiya ne. Da suka tsaya a ƙofar gidan ta zazzage su gaba ɗaya, tana kuka, tana haɗawa da Faransanci.

Hindou ta bar ta ta gama. Idonta a bushe yake.

"Rantsuwar ban riƙe ki da ita ba, ba ki sani ba," in ji ta. "Tun yaushe kika sani?"

"Mako huɗu."

"Tun ciwon kunne."

Tchima ta sunkuyar da kai.

"Na tsaya a saman nan na duba ƙasa," Hindou ta ce. "Mata shida kai a buɗe, ke kaɗai a rufe. Ba tsofaffin na kalla ba, ke na kalla." Ta juyo ta fuskanci Tchima. "Kin zaci in kin faɗa mini zan daina zuwa? Da hijabina zan zo in buga, kamar yadda kika yi. Ina son wasan nan, Tchima, na manta rabona da son wani abu haka. Kalma ɗaya ce. Kika rufe naki kan, kika bar nawa."

Sai a lokacin Tchima ta ga hanyar da ke gabanta tun farko, hanyar da ita kanta ta bi mako uku ba ta taɓa tunanin nuna wa kowa ba. Ta ɗauki Hindou a matsayin maras lafiyar da ake ɓoye wa magana, ta yanke mata hukunci ita kaɗai. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta ce to su koma Laraba mai zuwa, dukansu a rufe, ita za ta bi matan gida gida ta ba su haƙuri.

"Ku koma," in ji Hindou. Ta buɗe ƙofar motar ta sauke ƙafa ɗaya. "Ni in na shiga ɗakin nan, ke zan riƙa gani. Kada ki biyo mini ranar Laraba."

Ta fita ta rufe ƙofar, ta nufi gidan ba ta waiwayo ba.