Yatsun Matar Kurma

Maigidana kurma ne, kafinta, kuma duk maganar da muka taɓa yi tun aurenmu da hannu muka yi ta. Da yatsun nan na amsa masa ina son sa, da su nake zazzaga masa masifa in ya shigo mini ɗaki da garin katako. Masifa kuwa Allah ya hore mini ita, shi ma shaida ne.

Kwatsam yatsun suka fara yi mini gardama. In na tashi da safe sai in same su a kumbure, sun sandare, ba sa saki sai rana ta ɗaga. Zan ce masa a dawo lafiya, hannu ya ƙi. Ya tsaya bakin ƙofa da jakar kayan aiki yana kallona, ina kallon sa, kamar baƙi biyu a tasha. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san Goggo, yayar babana, wadda yatsunta suka karkace har cokali ya gagare ta. Ita dai mijinta yana ji. Ni in hannuna ya tafi, gidana ya yi shiru ke nan.

Mai kemis ya ce sanyi ne, ya yi ta ɗura mini maganin ciwo. Da maigida ya gaji, ya rufe shago ya tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannu. Ranar karɓar sakamako likita ta ce ƙashi lafiya lau, ni kuwa na ɗauki jaka zan tafi.

"Zauna tukuna, baiwar Allah," in ji ta. "Jinin ne ya tona asiri. Jiki yana ƙera ƙwayoyin garkuwa don yaƙar cuta. Naki wasunsu sun rikice, gaɓoɓinki suke kai wa hari. Sukan yi shekaru a jini kafin mutum ya ji komai. Naki suna da yawa, kuma in suka yi yawa haka, ciwon yakan yi saurin cin ƙashi."

"Irin na Goggo ke nan?"

"Ban ga Goggo ba. Ke dai kin zo ƙashinki bai taɓu ba. Ba warkewa nake miki alkawari ba, birki za mu taka masa tun yanzu."

Maigida ya taɓa kafaɗata, ya tambaya da hannu me ta ce. Na ɗaga yatsu, suka ƙi. A nan na yi kuka, gaban likita da kowa.

Maganin da likitar ta ba ni ba daɗi, sau ɗaya a mako, ga tashin zuciya, ga komawa gwajin jini. Makonni suka shige ban ga canji ba, na ci gaba da sha don taurin kai kawai. Shi kuwa mutumin sai ya ƙara lalacewa: kullum da safe in tarar da takalmansa na shago, buɗu-buɗu da garin katako, a kan kafet ɗin da na share. In haɗiye, don ba bakin magana.

Wata safiya na fito na gan su a kan kujerata. Kan kujera! Ban san sanda na tare shi a ƙofa ba. Na tambaye shi ko baiwa ya saya, ko a shago aka haife shi, na haɗa har da rigar da ya ɓata da fenti bara. Sai da na kai tsakiya na lura hannuwana suna tashi sama da ƙasa, ga shi ko shayi ban sha ba.

Yana dariya, hawaye na zubo masa. Wani daɗi ya cika ni.

"Da gangan kake ajiye su?" na tambaya.

"Kullum," ya amsa da hannu. Ya sauke jakarsa, ya ture takalman, ya zauna a kujerar ya gyara zama. "Sake faɗa, uwargida. Tun daga farko."