Dokar Hana Mutuwa

"To, ka karya dokarka da kanka ke nan," in ji Léonce, yana tsaye a bakin gado da hula a hannu.

Anselme Peyrusse, wanda ya shekara arba'in da ɗaya yana magajin garin Labarrède, ya buɗe ido ɗaya ya dubi maƙwabcin nasa. "Ban karya ba tukuna. Zauna, tsohon banza, ka tare min haske."

Dokar nan kuwa shekararta uku. Da maƙabartar garin ta cika, Anselme ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya manna a ƙofar ofis cewa an hana kowa mutuwa sai an sami wurin binne shi. Mutumin da ya yi aikin gwamnati a Paris, ya kuma zauna majalisa sau biyu, ai ya san darajar hatimi. 'Yan jarida suka zo suka sha dariya suka tafi. Mutane dai ba su fasa mutuwa ba, sai a kwashe su zuwa birni a binne cikin baƙi.

Kowa ya san da wa ake. Gonar inabin Léonce ce ta jingina da katangar maƙabartar, shi kuwa ya rantse ko taku ɗaya ba zai bayar ba. Sau biyar yana tsayawa takara da Anselme, sau biyar yana shan ƙasa. A na ƙarshen ƙuri'a goma sha ɗaya ya samu, alhali masu zaɓe a danginsa goma sha biyu ne. Anselme ya san hanyar ƙwace gonar da takarda sarai, bai dai taɓa yi ba.

Tun a kicin, Marcelline, 'yar magajin garin, ta raɗa wa Léonce cewa likita ya ce saura kwanaki, har ta kama masa wurin kabari a birni. Don haka Léonce ya zauna yana jiran a roƙe shi gonar, da amsarsa a baki, wadda ya shekara uku yana wasa ta. Anselme ya yi ta zancen rufin makaranta da ke yoyo, da famfon kasuwa, da karen limamin coci. Maƙabarta ko sau ɗaya bai ambata ba. Abin ya ƙona wa Léonce rai ƙwarai.

Har ya miƙe zai tafi, Anselme ya riƙo hannun rigarsa. "Ƙuri'un nan naka sha ɗaya, ɗaya tawa ce. Duk zaɓe kai nake jefa wa."

"Don me?"

"Tsoro nake ji ka yi zuciya ka daina fitowa. Da wa zan yi?"

Léonce ya yi lissafi a ransa. "Ashe mutum biyu suka ci amanata a gida," ya ce, ya fita da sauri, don idonsa ya fara yi masa abin da ba ya so.

Ranar Alhamis da safe, bayan ya sha kofi, Anselme ya cika. Kafin ƙararrawar coci ta yi shiru Léonce yana gona, ya tumɓuke layin inabi guda. Mataimakin magajin gari ya iso yana haki, yana bayanin cewa sai majalisar gari ta zauna, sai izini ya zo daga sama, abin wata shida ne. Léonce ya ce a binne tukuna, a rubuta daga baya.

Mai haƙa kabari ya dubi turakun da Léonce ya auna da igiya ya kafa, ya ce wurin ya yi wa mutum ɗaya yawa.

"Haƙa na hagun," in ji Léonce. "Na daman ka bar shi haka."

Ya naɗe igiyar awon a hannunsa, ya zauna a kan katanga yana kallon shebur na shiga ƙasa.