Babban Yatsan Baba Mai Aski

A matakala ta goma sha ɗaya ya ce in sauke shi.

"Direba, tsaya. Cikina."

Na durƙusa a hankali, ya zame daga bayana ya zauna, ya jingina kai da bango. Malama, 'yarsa, tana biye da mu da jakar magunguna. Ta miƙo masa robar amai. Karo na huɗu ke nan muna dawo da Baba Mai Aski daga asibiti, inda ake ɗura masa ruwan maganin ciwon daji duk bayan sati uku, kuma kullum a nan muke yada zango. Matakala ashirin da shida ne daga ƙofar gida zuwa ɗakinsa. Shekara goma sha bakwai ɗakina na kallon nasa, ban taɓa ƙirga su ba sai da na fara goya shi.

Ba wani nauyi gare shi ba, ciwo ya riga ya zuƙe shi. Amma ni ma na ba hamsin baya, kuma zaman tasi ya cinye mini ƙugu. Ba zan ɓoye ba, na gaji. Ranar asibiti tun da safe nake jin haushin kowa, har matata ta gane, sai ta ajiye mini shayi ta ba ni wuri.

"Kai, wannan kan naka fa?" in ji shi bayan ya goge baki. "Tsintsiya kake son zama?"

"Kai nake jira, Baba."

"To, ka yi ta jira."

Shagonsa a ƙarƙashin benen yake, ɗan ƙarami: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, da fatar wasa aska rataye a ƙusa. Samari masu aski sun cika titin da injin kilifa da kiɗa, shi kuwa aska ce da sabulu kawai. Kuma ba da ido yake aski ba. Hannun dama na riƙe da aska, babban yatsan hagu na gaba yana jan fata, sannan ya komo yana laluben saura. Sai ya aske ka tas yana kallon titi yana musu da mai gyaran takalmi.

"Ido maƙaryaci ne," yakan ce. "Yatsa ne ba ya karɓar cin hanci."

To, yatsan nan maganin ya fara ci. Ciwon a hanji yake, amma tun a ruwa na biyu Baba ya ce ji yake kamar an sa masa safar hannu. Maɓallin riga ya gagare shi. Cokali sai ya zame masa bai sani ba.

Kwana biyar bayan wannan dawowar, na leƙa in gaishe shi kafin in fita aiki. Na same shi a bakin gado da aska a buɗe, yana gwada kaifinta a babban yatsa kamar yadda ya saba, idonsa na kan taga. Jini na ɗiga a wandonsa.

"Baba, ka yanke!"

Ya dubi hannun kamar na wani ne. "Ban ji ba," in ji shi. "Wallahi, Direba, ban ji ba."

Na ɗaure masa da hankicina. Da na gama ya ce, "Na bar ruwan nan. Kai za ka gaya mata."

"Ni kuma? 'Yarka ce fa."

"Shi ya sa. Ni da na ga idonta sai in ce to."

A bakin ƙofar gida na tare ta da yamma, ta dawo daga makarantar da take koyarwa, littattafan yara a hammata. Ita kaɗai ce a kansa. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, 'yan'uwanta maza kuwa suna nesa, jinyarsu ta waya ce. Ta saurare ni har na gama.

"Yaya Direba, goyon ne ya ishe ka?" in ji ta. "Ka faɗa mini, in nemo wani."

Maganar ta same ni daidai inda nake ciwo, domin da ƙamshin gaskiya a cikinta. Na ji kunya, na kuma ji haushi, na rasa wanda ya fi yawa. Na dai ce mata ni ɗan aike ne.

Ranar ruwa na biyar muka kai shi duk da haka. Ya ga allura ya ɓata fuska, ma'aikaciyar jinya ta tsokane shi da cewa wanzami ba ya son jarfa, bai ko yi murmushi ba. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ga ɗaurin yatsan ta tambaya. Da ta ji labari sai ta ce a dakata da allurar. Ta sa shi a sikeli, kilo bakwai sun tafi. Ta ce ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da ya dafa komai ba. Ya tashi sau biyu. A na uku gwiwoyinsa suka kama rawa, ya koma ya zauna yana haki.

"Jikinsa ba ya ɗaukar maganin," ta ce wa Malama. "In mun ci gaba, wataƙila mu ƙara masa watanni kaɗan. Wataƙila kuma maganin ya riga ciwon kayar da shi."

"A ci gaba, Likita," in ji Malama.

"Likita," in ji Baba, "watannin nan, a kwance zan yi su ko a zaune?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Yawanci a kwance."

"Yatsun fa?"

"In mun tsaya yanzu, za su iya ɗan dawowa. In mun ci gaba, da wuya."

Malama ta juyo gare shi. "Baba, so kake ka bar ni?"

"Uwata," haka yake kiranta, "barinki dai zan yi, da ruwa ko ba ruwa. Aski ya zo gaban goshi. Ki bar ni in ƙarasa da hannuna."

Likita ta rubuta maganin rage ciwo, ta ce ma'aikaciyar jinya za ta riƙa zuwa gida. Muka ɗauko shi muka koma gida.

Kada a ce ya warke, bai warke ba. Amai ya tsaya, ya ɗan fara cin abinci, amma ramar ba ta tsaya ba, kuma rabin yini barci yake yi. Malama ta rage gaisuwarmu zuwa "ina kwana" busasshiya. Shi kuwa duk safiya sai ya goga babban yatsan a bargo, ya goga a haɓa, ya girgiza kai.

A sati na bakwai da barin ruwan, da hantsi, ya ƙwala mini kira.

"Direba, sauke ni shago."

Na goya shi muka sauka. Tsayuwa ba za ta yiwu ba, sai na zaunar da shi a kujerar masu aski, ni kuma na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Malama ta biyo mu ta tsaya a ƙofa, fuska a ɗaure.

"Uwata, riƙe mini kwanon ruwa."

Ta shigo ta karɓa.

Ya rage tsintsiyar da almakashi, ya shafa sabulu. Da na ji sanyin aska a ƙeyata, hannunsa kuma na kakkarwa, wallahi tsoro ya kama ni, har na karanta duk addu'ar da na iya. Askin minti goma ya ɗauke mu fiye da awa guda. Ya yi kaɗan ya huta, ya yi kaɗan ya jingina ya rufe ido. Mai gyaran takalmi ya leƙo zai yi magana, ya fasa.

"Ya fita tas, Baba," in ji Malama a ƙarshe. "Ya isa haka, ka gaji."

Na ɗaga kai na duba madubi, ni ma ban ga komai ba. Amma yatsan bai sauka daga kaina ba. Ya bi goshi, ya bi tsakiya, ya gangara bayan kunnena na hagu. A nan ya tsaya. Ya yi gaba, ya dawo baya.

"Ga saura nan."

"Ina?" in ji Malama, ta sunkuyo. "Ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba."

Ya ja aska sau biyu, ya sake shafawa, ya ce, "Yauwa." Malama ta ajiye kwanon a ƙasa, ta koma bakin ƙofa ta ba mu baya, kafaɗunta na motsi.

Kwana goma sha takwas ya yi bayan wannan. Ya cika da rana tsaka yana barci, hannunsa a cikin nata, ni ina can cikin cunkoson motoci da fasinja. Har yau Malama ba ta ce mini na kyauta ba, ni ma ban tambaye ta ba. Ban kuma san nawa ne na tausayinsa a cikin saƙon da na kai mata ba, nawa ne na ƙuguna.

Jiya na dawo daga aiki ina hawa benen, ba kowa a bayana, sai na ga na tsaya a matakala ta goma sha ɗaya. Na zauna inda yake zama. Na kai yatsa bayan kunnena na hagu, gashi ya fara tsirowa.