Tarin Motar Lubsan

Ba a jima da binne Lubsan ba motarsa ta fara tari. Tsohuwar motar Rasha ce mai launin toka, injinta a ciki yake, tsakanin kujerar direba da ta mai zaman banza, ƙarƙashin wani murfin ƙarfe. Agogon tafiyarta ya zagaya ya dawo sifili har sau uku. In ana gudu lafiya lau take, amma da an tsaya sai ta hau karkarwa, ta ja numfashi, ta yi tari biyu, wani lokaci ta mutu.

Kullum da safe, in matarsa Tserma ta watsa wa sama da duwatsu madarar fari kamar yadda al'adarsu take, sai ta shiga ta tayar da motar, ta ɗora tafin hannu a kan murfin ta lumshe ido. Tari biyu, shiru, sannan ɗaya. Haka mijinta yake yi a shekararsa ta ƙarshe, ba ragi ba ƙari. A cikin ɗumin nan takan gan shi yana tahowa daga bakin rafi da sirdi a kafaɗa, yana tafe yana tafe, ba ya isowa. Ta sani sarai mota ba mutum ba ce. To amma wata biyar ke nan ta ƙi kiran bakanike.

Yanzu kuwa ciyawa ta yi ja, tsaunuka sun fara farin kai. Dole a naɗe tanti a koma mazaunin hunturu kafin ƙanƙara ta rufe hanya, kuma akwai rafi uku a tsakani. Motar da ke mutuwa in an sassauta ba ta ƙetare rafi da kaya. 'Yarta ta riga ta faɗa ta waya: in motar ba ta tashi ba, a sayar da tumakin, Inna ta dawo birni wurinta, a hawa na tara na bene.

Shi ya sa Gombo, ƙanin marigayin, ya iso a kan babur da jakar sifanu.

"Yaya Tserma, wata biyar kina jinyar mota ba ki gaya wa likita ba?"

"Wane likita? Kai da ka gyara rediyon Lubsan ta koma yaren China?"

"Ai gaba ta ci. Zubo min shayi, ki cika kwanon."

Bai sha ba. A kan murfin injin ya ajiye kwanon, ya ce ta tayar. Shayin madara ya hau rawa, yana tara zobe yana watsewa, har ya fantsalo. Gombo ya daɗe yana kallonsa kamar mai duba. Sannan ya ɗauke kwanon ya ɗaga murfin, ya bi wayoyin fulogi yana cirewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ya cire sai injin ya ƙara rikicewa.

"Wuta lafiya take, duk huɗun suna aiki. Mai ma yana zuwa. Tsohuwar nan iska take sha ta inda bai kamata ba." Ya kasa kunne, amma iskar fili ta hana shi jin komai. "Akwai turaren arts a gidan nan?"

"Addu'a za ka yi mata? Lallai gwani ya ƙure."

"Kawo dai, Yaya."

Ta kawo garin busasshen ganyen itacen arts mai ƙanshi a ɗan kasko, irin wanda take ƙonawa gaban hoton mijinta. Gombo ya rufe ƙofofi, ya riƙa zagaya kaskon a hankali kewaye da injin. Hayaƙin ya miƙe siriri, shuɗi, ya cika motar da ƙanshin safiyar sabuwar shekara. Tserma ta bi shi da ido har ta manta abin da ake nema. Can sai zaren hayaƙin ya karkata, ya sunkuya, ya shige cikin wani ɗan baƙin tiyo a gindin kafireta.

"Ga ɓarauniyar hanya," in ji Gombo. Ya lanƙwasa tiyon, tsaga ta buɗe baki. "Amma tsagar nan ta tsufa. Kuma wurin ya fi ko'ina tsabta. Me aka cire a nan?"

Nan take ta tuna. Ran da aka cika kwana arba'in da tara da rasuwar, ta wanke motar ciki da waje. A nan ta tarar da hadag, shuɗin ƙyallen da ake miƙa wa manya da hannu biyu, an naɗe shi a tiyo, ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Kunya ta kama ta a madadin mamacin. Ta kwance, ta wanke shi sau bakwai, ta rataya a kan hotonsa.

Da ta gaya masa, Gombo ya yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zarce dariyar.

"Na bikinku ne. A hanyar asibiti tiyon ya fashe, daren da za ki haihu, Lubsan ba shi da ko tsumma. Ya shafe shi da kitsen wutsiyar tunkiya ya ɗaure, ya ce in na gaya miki sai ya karya ni. Duk kaka yake ƙara kitsen."

"Shekara ashirin da shida?"

"Har da ɗoriya, ban da wata biyar ɗin nan tun da kika kwance shi."

Gombo ba shi da tiyo mai wannan kauri, sai an je gari. Ya fara laluben tsumma a jakarsa. Tserma ta shiga tanti ta fito da ƙyallen a hannu biyu, da guntun kitse.

"Matsa," ta ce.

Sai da ta saurari tarin sau ɗaya tukuna, biyu, shiru, ɗaya. Sannan ta naɗa, ta ƙulle da irin ƙullin da Lubsan yake yi wa dabaibayin doki. Injin ya ja dogon numfashi ya daidaita. Gombo ya mayar da murfin ya ɗora kwanon, shayin ya kwanta luf.

Ta ɗora hannu a kan murfin ta lumshe ido. Ɗumin yana nan, amma babu mai tahowa daga bakin rafi. Kewarsa ta kama ta sabuwa fil, kamar yau aka fita da shi.

"In kashe, Yaya?"

"Bar ta. Je ka fara kwance igiyoyin tanti."