Hannun da Ba a Ƙirga Ba

Shekarar da Libiya ta buɗe wa ƴan Afirka ƙofa na ɗauko matata Kadidiatou da ɗiyarmu Hindatou daga Tasawa, muka kama ɗaki a unguwar Sukra, cikin Sabha. Ni magini ne, ban yi lakwal ba, wato boko, amma na rantse ɗiyata sai ta yi. Tana cika shekara bakwai na kai ta makarantar unguwa. Shugaban ya leƙa da ni aji, na ga yara huɗu-huɗu kan benci, wasu a ƙasa. Ya ce wallahi babu wuri, ko ƴaƴan ƙasa ana maidowa.

Sai na yi irin ta gida. Na sayi goro da zakara biyu, na shiga tambayar gidan mai unguwa. Aka yi ta mini dariya, wai nan ba mai unguwa, sai amin, sakataren kwamitin unguwa. Na ce ina ruwana da suna, babba ai babba ne.

Ustaz Abdussalam, amin ɗin, ya dubi zakarun, ya dube ni.

"Malam Younoussa, koma da kajinka. Ni ba na yanke magana, aikatawa nake. Mutanen unguwa ke taruwa a mu'utamar, wato taron unguwa, su yanke, su miƙo mana. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura wa kwamitin Sabha gaba ɗaya, abin da ya shafi ƙasa baki ɗaya kuma ya wuce babban taro."

"To ranka ya daɗe, in je taron in faɗa musu?"

"Kai baƙo ne, ba ka da baki a ciki."

Kai! Na dawo gida ina ta bambami, zakaru na rataye a hannu. Mai gidan da muke haya, Hajja Mabruka, tsohuwa ce wadda kakarta ƴar Agadas ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Ɗana, bar faɗa. Kai babu baki, ni akwai."

Ranar taron aka ɗauke ni aikin jera kujeru, don haka da idona na gani. Maza nan, mata can, amin a gaba da littafinsa kamar ɗan makaranta. Aka yi maganar famfo, aka yi ta kwata, wani tsoho ya wanke kwamitin tas kan shara, amin kuwa rubutu kawai yake. Ni da na saba ganin babba na magana kowa ya sunkuya, sai na saki baki.

Hajja ta miƙe da sandarta, ta nemi a ƙara aji biyu, a kuma ɗauki duk yaron da ke kwana a Sukra. Wani mai shago ya ce ƴaƴan ƙasa tukuna, baƙi su jira. Hajja ta juya ta ce masa, "Wa ya gina shagonka? Uban yarinyar ne. Ka yarda da hannunsa, ka ƙi ɗiyarsa?" Wuri ya kaure da hayaniya. Amin ya buga tebur, ya ce masu yarda su ɗaga hannu.

Wallahi ban san sa'ad da nawa ya tashi ba, har ina ɗage. Mai ƙirga ya iso kaina, ya yi murmushi, ya sauke mini shi a hankali. Kunya ta kama ni. Amma ko babu nawa, hannuwan sun yi rinjaye, amin ya rubuta, ya karanta wa kowa ya ji.

Ba zan yi ƙarya ba, takardar ta yi wata biyar tana yawo tsakanin ofisoshi, har na fara cewa an ci mu. Hajja ce ke zuwa duk Lahadi ta zauna ƙofar kwamiti, ba ta tashi sai an faɗa mata inda takardar ta kwana. Rannan sai ga mota da siminti, kuma cikin maginan da aka ɗauka har da ni.

Ranar da aka buɗe aji na farko ina kan tsani, ina shafe bangon na biyu. Ta taga na ji malama tana kiran suna.

"Hindatu Yunus!"

Wata ƴar murya ta amsa da Larabci, da ƙarfi, kamar can aka haife ta. Ni, ƙato da gemu, na tsaya da cokalin gini a hannu ina kuka, siminti na zuba kan ƙafata.