Furfurar Motar Yaya

Roba ma tana yin furfura. Mutane da yawa ba su lura ba, amma duk wanda ya daɗe yana wankin mota ya san haka. Bamba, da bayan madubi, da siririyar robar nan mai bin gefen ƙofa, duk baƙi wuluk suke fitowa daga kamfani, sai rana ta yi ta shanye baƙin nasu a hankali har su koma launin toka. Mai Soso, wanda ya haura shekara talatin a wurin wankin mota na bayan tasha, yakan ce da ya kalli bamba zai faɗi shekarun mota, har ya faɗi ko mai ita yana da rumfa a gidansa.

Yayansa direba ne, ko kuma a ce ya taɓa zama direba. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa ya kama shi. Abin ya fara da makullai da sunayen tituna, ya bi ta kan maƙwabta, har ya iso kan 'ya'yansa. Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, yanzu "baiwar Allah" yake ce mata. Ƙanensa Mai Soso kuwa, in ya zo, sai tsohon ya gaishe shi da ladabi kamar baƙo. Abu ɗaya ne ya rage da yake ganewa, wato tsohuwar motarsa da ke ajiye a tsakar gida, tayoyinta biyu sun sace. Kullum da hantsi yakan fito da sandarsa ya zagaya ta, yana shafa robar gefe da tafin hannu, ya zauna a kujerar direba na ɗan lokaci, sannan ya yarda ya ci abinci. Duk ranar da wani abu ya hana shi wannan zagayen, ba ya kai loma baki.

Ranar da za a kai shi ganin likita, Auta ta tari Mai Soso a ƙofar gida.

"Baffa, kana ta gyara motocin duniya, ga ta yayanka kamar an barbaɗa mata toka."

"Ai ba ku kira ni ba."

"Sai an buga maka katin gayyata? Kafin mu dawo ka mayar masa da ita amarya. Wataƙila in ya gan ta yadda take a da, wani abu ya motsa masa."

Mai Soso ya ji daɗin maganar fiye da yadda ya nuna. Ya daɗe yana neman abin da zai yi wa yayansa da hannunsa.

Ya yi aikin yadda ya saba, har ma ya fi. Ya wanke robar da sabulun mota, ya bi ƙananan ramukanta da tsohon buroshin haƙori, ya jira ta bushe ƙarau. Ya manna takarda mai danƙo a gefen fenti don kada ya ɓata. Sannan ya buɗe kwalbar baƙin man roba, wanda yake ɓoye wa manyan motoci, ya ɗiga a soso ya fara shafawa tun inuwa ba ta janye ba. Robar ta riƙa shan man kamar mai ƙishirwa. Kusa da ƙofar direba ya tarar da wani wuri da ya yi santsi saboda yawan shafar hannu, ya tsaya ya dube shi, sannan ya bi ta kansa shi ma. Ya yi shafi na biyu, ya goge da busasshen tsumma. Da ya ja baya ya duba, sai ya tuna ranar da yayansa ya shigo da motar nan yana danna ham, unguwa duk ta fito.

Da la'asar suka dawo. Tsohon ya shigo yana dogara sanda, ya tsaya cik.

"Motar wa ce wannan?"

Auta ta ce, "Taka ce mana, Baba. Dube ta da kyau."

Ya kai hannu ya taɓa robar gefen, ya janye da sauri kamar ya taɓa jikin baƙo.

"A'a. Ku faɗa wa mai ita ya zo ya fitar da ita. Nan wurin tawa ne."

Ya juya ya nufi ƙofar gida, ya tsaya yana leƙen titi hagu da dama. Ranar bai ci komai ba. Washegari da hantsi ya fito, ya wuce motar bai ko kalle ta ba, ya sake tsayawa a ƙofa yana tambayar masu wucewa ko sun ga wanda ya tafi da motarsa. Ruwa kawai ya sha.

Auta ta sami Mai Soso a wurin aiki, idanunta sun kaɗa.

"Baffa, ka zo ka cire."

"Ba riga ba ce da za a tuɓe, 'yata. Man ya shige jikin robar."

"Ni na sa ka, na sani. Amma kwana biyu ke nan bai ci ba. Ka san yadda za ka yi."

Ya sani. Shekara da shekaru yana yi wa masu mota faɗa a kan abu ɗaya: kada su kuskura su wanke roba da garin sabulun wanki, kada su bar kumfa ya bushe a kanta cikin rana, don shi ke tsufar da ita. Yanzu shi ne ya durƙusa a tsakar gidan yayansa da bokitin ruwan zafi da garin sabulu da buroshi mai tauri, yana dirza. Ya bar kumfan ya bushe da tsakar rana, ya ɗauraye, ya sake. Baƙin ruwa ya riƙa gangarawa cikin magudana. Ya yini a haka, ya dawo washegari da sassafe ya ci gaba, har fatar yatsunsa ta tsattsage. Tokar ta dawo, amma dabbare-dabbare, wani wuri fari, wani wuri da sauran duhu. Bai taɓa barin mota cikin irin wannan muni ba.

Yana tattara kayansa tsohon ya fito, Auta na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya rame a kwanaki ukun nan. Ya nufi ƙofar gida kamar jiya, sai ya dakata. Ya dubi bamba. Ya matso a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a robar gefen, ya bi ta tun daga baya har zuwa ƙofar direba.

"Kun ga yadda kuka bar min mota," in ji shi, cikin muryar faɗa. "Dubi roba duk ta yi fari. Ina da ƙane, aikinsa ke nan, babu kamarsa a tashar nan. Me ya hana ku kira shi?"

Auta ta buɗe baki, Mai Soso ya girgiza mata kai.

"Za a kira shi, ranka ya daɗe," ya ce. "Aiki ne ya yi masa yawa."

"Haka yake. Tun yana yaro ba ya zama."

Tsohon ya buɗe ƙofa ya zauna, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Can ya leƙo ta taga.

"Baiwar Allah, babu abinci ne a gidan nan?"

Auta ta ruga kicin. Mai Soso ya ɗauki bokitinsa, ya zubar da sauran ruwan a magudana, ya tsaya daga gefe har ya ga an kai loma ta farko.